Shiga saba daga nesa alhali tsarinka daban, nata daban: tambayoyi da amsoshi

Wannan shafi na masu shagon kwamfuta ne, da malaman da aka ɗora wa kula da shafin makaranta, da ɗaliban da suka kama hayar saba, wato kwamfutar da ke zaune a intanet ana shigarta daga nesa, don koyon aiki, musamman waɗanda ke zaune a garuruwa irin su Ringim, Gwaram, Ɗambatta ko Sumaila, inda sabis ke zuwa ya tafi, wuta kuma ba a sa mata rai. Duk inda ka ga 203.0.113.10 misali ne, ka sa lambar sabarka a gurbinta. Haka ma sunan malam, ka sa naka.

Kwamfutata Windows ce, sabar da na kama kuma Ubuntu ce. Sai na canza tawa kafin in iya shiga?

A'a. Sabar ba ruwanta da abin da ke kan kwamfutarka. Abin da take dubawa shi ne hanyar da ka ƙwanƙwasa mata. Sabar Linux, wadda Ubuntu wani nau'inta ne, ana shigarta ta SSH, wadda ke sauraro a ƙofa mai lamba 22, abin da za ka samu kuma baƙin allo ne na rubuta umarni. Sabar Windows ana shigarta ta RDP, a ƙofa ta 3389, ita kuwa tana nuna maka fuskar Windows ɗin gaba ɗaya. Manhajojin da ke jin waɗannan hanyoyi biyu akwai su a Windows, da Linux, da Mac, da wayar Android. Saboda haka tambayar farko ita ce: me ke kan sabar? Amsarta ce za ta gaya maka manhajar da za ka buɗe.

Me ya kamata in karɓa daga kamfanin da ya ba ni hayar?

Abu huɗu: lambar IP (adireshin sabar a intanet), sunan shiga, kalmar sirri ko fayil ɗin mabuɗi, da lambar ƙofa idan sun canza ta. Sunan shiga ya bambanta. Wasu kamfanoni root suke bayarwa, Ubuntu a kan AWS na kamfanin Amazon sunanta ubuntu, Windows kuma Administrator. Na biyar, wanda mutane ba sa kula da shi sai ranar da suka shiga uku, shi ne allon gaggawa da ke cikin shafin kamfanin, wanda ake kira Console. Ka nemo inda yake tun yau, ka gwada shi sau ɗaya.

Yaya ake shiga sabar Linux daga Windows?

Idan Windows 10 ce da aka sabunta daga 2018 zuwa sama, ko Windows 11, manhajar tana ciki. Buɗe PowerShell ka rubuta `ssh -V`. In ta nuna maka OpenSSH da lamba, shi ke nan. In ta ce ba ta san umarnin ba, shiga Settings, nemi Optional features, ka ƙara OpenSSH Client. Daga nan sai:

`ssh malam@203.0.113.10`

In an canza ƙofa, sai ka ƙara ta: `ssh -p 2222 malam@203.0.113.10`. A karon farko za ta nuna maka wani dogon layi na haruffa, ta tambaye ka ko ka yarda da wannan saba. Wannan layin shi ne shaidar sabar. Rubuta yes cikakke, y kaɗai ba ta wadatarwa. Kwamfutarka za ta ajiye shaidar a fayil mai suna known_hosts, ba za ta sake tambaya ba.

Wanda ke kan Mac ko Linux umarnin ɗaya ne, a Terminal zai rubuta.

Malam, ina rubuta kalmar sirri amma ba abin da ke fitowa. Kibod ɗin ne ya lalace?

Lafiyarsa ƙalau. Linux ba ta nuna ko da tauraro idan ana rubuta kalmar sirri. Rubuta ka danna Enter kawai.

Amma akwai wata matsala ta gaske da ke ɓuya a bayan wannan. Da yawa daga cikin kwamfutocin gwanjo da ake saye a Kano daga Ingila ko Amurka suka fito, kuma jerin maɓallansu ba ɗaya ba ne. A na Amurka, Shift da 2 na ba da @, a na Ingila kuwa alamar " yake bayarwa. Idan an saita Windows a kan tsari ɗaya, kibod ɗin kuma na ɗayan ne, abin da ke rubuce a kan maɓalli ba shi ke shiga ba, kai kuma ba ka gani. Maganin: buɗe Notepad ka rubuta kalmar ka gan ta da idonka. Abin ya fi tsanani a allon gaggawa na kamfani, domin shi yawanci tsarin Amurka yake ɗauka, kuma sau da yawa ba ya karɓar liƙa rubutu. Don haka kalmar sirri mai tsawo ta haruffa da lambobi ta fi gajeriya mai cike da alamomi amfani.

Har yanzu ana buƙatar PuTTY?

Ga mai Windows 7 ko 8, eh. Ga sauran, zaɓi ne. PuTTY manhajar shiga saba ta SSH ce, ta daɗe, tun wajen 1999 ake amfani da ita, kuma ba ta da nauyi. Abin lura ɗaya: tana da nata irin fayil ɗin mabuɗi mai ƙarewa da .ppk. In an ba ka mabuɗi irin na OpenSSH, sai ka buɗe PuTTYgen, ka shigo da shi ta Conversions, ka ajiye shi a .ppk. Kuma a cikin PuTTY danna linzamin dama liƙawa yake yi nan take, to a kiyaye abin da aka kwafa.

Mene ne mabuɗin SSH, kuma don me ake cewa ya fi kalmar sirri?

Duk sabar da aka kunna a intanet, ba a daɗewa sai na'urori masu yawo su fara gwada mata kalmomin sirri dare da rana. Ba kai suke nema ba, kowa suke gwadawa. In kana so ka gani da idonka, rubuta `sudo journalctl -u ssh` ka ga jerin sunayen da aka gwada. Mabuɗi na kashe wannan kasuwa.

Fayiloli biyu ne. Ɗaya kamar kwaɗo yake, ana maƙala shi a ƙofar sabar, kowa ya gan shi ba laifi. Ɗayan shi ne mabuɗin, yana zama a kwamfutarka, ba ya fita. A PowerShell rubuta:

`ssh-keygen -t ed25519`

Danna Enter ta ajiye a inda ta zaɓa, sannan ka sa masa kalmar kariya idan ta nema. Kada ka tsallake wannan, domin kwamfuta na iya ɓacewa ko a kai ta gyara. Za ka samu id_ed25519 da id_ed25519.pub a cikin folda mai suna .ssh. Mai ƙarewa da .pub shi ake kai wa saba. A Mac da Linux umarnin `ssh-copy-id malam@203.0.113.10` na yin aikin. Windows ba ta da shi, sai a yi haka:

`type $env:USERPROFILE\.ssh\id_ed25519.pub | ssh malam@203.0.113.10 "mkdir -p ~/.ssh && cat >> ~/.ssh/authorized_keys"`

Sannan a cikin sabar: `chmod 700 ~/.ssh` da `chmod 600 ~/.ssh/authorized_keys`. Idan izinin ya yi sako-sako, sabar za ta yi banza da mabuɗin ba tare da ta gaya maka dalili ba.

Bayan ka tabbatar mabuɗin na buɗewa, sai a rufe hanyar kalmar sirri: a fayil ɗin /etc/ssh/sshd_config a sa `PasswordAuthentication no`. Nan akwai tarko a Ubuntu ta zamani. Cikin folda /etc/ssh/sshd_config.d sau da yawa akwai fayil mai suna 50-cloud-init.conf da ke cewa yes, kuma shi ake fara karantawa, na farko kuwa shi ke cin nasara. Ka gyara a can ma. Duba da `sudo sshd -T | grep passwordauthentication`, sannan `sudo systemctl restart ssh`.

Idan sabar Windows ce mai OpenSSH kuma asusunka na shugaba ne, wato Administrator, ba a foldarka take neman mabuɗin ba, a C:\ProgramData\ssh\administrators_authorized_keys take dubawa. Mutane da yawa sun ɓata yini a kan wannan.

An ba ni fayil .pem, amma ana ce mini UNPROTECTED PRIVATE KEY FILE.

Wasu asusun da ke kwamfutar na iya karanta fayil ɗin, shi ya sa SSH ta ƙi shi. A Mac da Linux: `chmod 600 mabudi.pem`. A Windows buɗe Command Prompt ka rubuta `icacls mabudi.pem /inheritance:r`, sannan `icacls mabudi.pem /grant:r "%USERNAME%:R"`. Kuma ka kwashe shi daga filashi ka mai da shi cikin .ssh, domin filashi mai tsarin FAT32 ba ya riƙe izini.

Ta ƙi shiga. Ta ina zan fara bincike?

Karanta saƙon da ta ba ka, domin kowanne inda yake nunawa daban.

Connection timed out na nufin ka yi kira ba wanda ya amsa. Ko sabar a kashe take, ko lambar IP ba daidai ba ce, ko katangar tsaro na haɗiye kiranka, ko kuma sabis ɗinka ne ba ya tafiya. Fara da na ƙarshen, shi ya fi yawa a wajenmu: buɗe wani shafi ka gani. Sannan a PowerShell gwada `Test-NetConnection 203.0.113.10 -Port 22`. Ka tuna manyan kamfanoni na da katanga ta biyu a shafinsu, ban da wadda ke cikin sabar.

Connection refused kuwa labari ne mai daɗi-daɗi. Sabar tana raye, ta ji ka, sai dai ba abin da ke sauraro a wannan ƙofa. Ko SSH ɗin ta tsaya, ko an canza lambar ƙofa.

Permission denied na nufin ka isa har bakin ƙofa, an ƙi ka. Sunan shiga ne, ko mabuɗi, ko izinin fayil. Ƙara `-v` a umarninka, za ta nuna maka mabuɗan da ta miƙa ɗaya bayan ɗaya.

Ta fito da gargaɗi da manyan baƙaƙe: REMOTE HOST IDENTIFICATION HAS CHANGED.

Shaidar sabar ta bambanta da wadda aka ajiye. In kai ka goge sabar ka sake girka ta, dalilin ke nan, sai ka rubuta `ssh-keygen -R 203.0.113.10` ka sake shiga. In ba ka taɓa komai ba, dakata. Shiga ta allon gaggawa ka rubuta `ssh-keygen -lf /etc/ssh/ssh_host_ed25519_key.pub`, ka kwatanta da abin da ake nuna maka kafin ka miƙa kalmar sirri.

Sabis na yanke mini ina tsakiyar aiki. Me zan yi?

Wannan ita ce babbar tambayar mutumin karkara, kuma ta fi duk sauran muhimmanci. Idan haɗin SSH ya tsinke, sabar na kashe duk abin da ka tayar a cikinsa. Ɗauki mai shago a Babura da ya sa `sudo apt upgrade` da yamma, hadari ya taso, sabis ya ɗauke ana tsakiyar girka manhajoji. In ya dawo zai tarar apt na kuka, ta ƙi karɓar wani aiki. Yawanci `sudo dpkg --configure -a` na gyarawa, amma in abin ya faɗa kan ginshiƙin tsarin, sabar na iya ƙin tashi.

Maganin farko, wanda bai kamata a yi aiki ba tare da shi ba, shi ne tmux. Girka shi da `sudo apt install tmux`. Da zarar ka shiga saba, kafin komai, rubuta `tmux new -s aiki`. Duk abin da ka tayar a ciki a kan sabar yake zaune, ko batirinka ya mutu yana ci gaba. In ka dawo: `tmux attach -t aiki`, za ka tarar da allonka yadda ka bar shi. In kana so ka fita da kanka ka bar aikin na tafiya, danna Ctrl da b, ka saki, ka danna d.

Na biyu, akwai yankewar da ba ta sabis ba ce. Ka tashi salla ka dawo ka tarar allo ya sandare, saboda na'urorin kamfanin waya na mantawa da haɗin da ya yi shiru. Ƙirƙiri fayil mai suna config a cikin .ssh ka sa:

```
Host makaranta
  HostName 203.0.113.10
  User malam
  ServerAliveInterval 30
  ServerAliveCountMax 4
```

Yanzu kwamfutarka za ta riƙa taɓa sabar duk daƙiƙa 30, in an yi huɗu ba amsa ta haƙura ta sake ka. Ƙari a kan haka, `ssh makaranta` kaɗai ya isa shiga. A lura, Notepad na son maƙala .txt a ƙarshen suna, in ya zama config.txt ba zai yi aiki ba. In allo ya riga ya sandare, danna Enter, sannan ~, sannan ɗigo, zai sake ka.

Na uku shi ne Mosh, wadda aka yi ta musamman don sabis mai rawa. Ko lambar IP ɗinka ta canza, ko ka rufe kwamfuta ka buɗe, haɗin na dawowa da kansa, kuma tana nuna abin da ka rubuta nan take ba sai ya je ya dawo ba. Sai an girka ta a ɓangarorin biyu, a buɗe mata ƙofofi: `sudo ufw allow 60000:61000/udp`. A Windows ana samunta ta cikin WSL, wato Linux ɗin da ake girkawa a cikin Windows. Mosh da tmux tare, babu abin da ya fi su a inda sanda ɗaya ko biyu ce ke nunawa a waya.

Me ya sa rubutu ke jinkiri, alhali ina da data?

Nisa ne. Kowane harafi sai ya bar eriyar garinku, ya gangara Legas, ya bi wayar ƙarƙashin teku, ya isa sabar, ya dawo. Haske a cikin irin wannan waya na cin kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa, kuma tsakanin Legas da Landan akwai kusan kilomita 5,000 a miƙe, don haka zuwa da dawowa ba zai gaza kashi 50 cikin dubu na daƙiƙa ba, kafin a ƙara kwane-kwanen hanya. Saba a yammacin Amurka ta ninka haka. Lokacin kama haya ka zaɓi Turai in ba ka da wani dalili, ka kuma auna da `ping`.

Sabata Windows ce, ni kuma Ubuntu ko Mac nake da ita.

A Ubuntu girka Remmina: `sudo apt install remmina`. Zaɓi RDP, sa lambar IP, sunan shiga da kalmar sirri, ka bar gurbin Domain fayau in ba a ba ka ba. A Mac manhajar Microsoft ce, wadda tun 2024 aka canza mata suna zuwa Windows App. Daga Windows zuwa Windows kuwa, danna maɓallin Windows da R ka rubuta mstsc. Ko Windows Home na iya shiga wata, ita ce dai ba a iya shigarta ta RDP.

Abu uku ke ba da wahala. Ctrl, Alt da Delete kwamfutarka za su taɓa, a mstsc sai ka yi amfani da Ctrl, Alt da End. Sannan Windows Server mutum biyu kawai take bari a lokaci guda in ba a sayi ƙarin lasisi ba. Na uku, kada ka danna Shut down da ka gama. Sabar ce za ka kashe, shafin makaranta ya mutu, sai ka koma shafin kamfani ka kunna ta. Rufe tagar kawai, ayyukanka na nan suna jiranka, haka ma in sabis ne ya yanke.

RDP na shanye mini data.

Dole, domin hoto take aikowa, SSH kuwa rubutu. A mstsc danna Show Options. A Display rage girman allo, ka mai da launi 16 bit. A Local Resources kashe sauti da firinta. A Experience zaɓi mafi ƙarancin gudu, amma ka bar Persistent bitmap caching a kunne, don kada a riƙa sake aiko abin da aka riga aka aiko. A Remmina zaɓi inganci mafi ƙasa. Kada ka kalli bidiyo ta cikin sabar. In da hotsipot kake aiki, saita haɗin a matsayin Metered connection, don sau da yawa Windows ɗinka ce ke sauke sabuntawa a ɓoye, ana ɗora wa saba laifi.

Zan iya sa wa sabar Linux fuska irin ta Windows?

Za ka iya: `sudo apt install xfce4 xrdp`, sannan `echo xfce4-session > ~/.xsession`, sai ka shiga da mstsc. Amma shawararmu, in sabar mai ƙwaƙwalwar gigabait 1 ce, ka haƙura. Fuskar da burauza za su cinye abin da shafinka ke buƙata, ga data, ga sabuwar ƙofa da ka buɗe wa ɓarayi. Yawancin masu neman fuska fayiloli suke son gani, WinSCP kuwa, manhajar kai fayiloli da ɗauko su, ta wadatar da wannan.

Laifi ne in bar ƙofa ta 3389 a buɗe?

Ganganci ne. Ta nan masu kulle fayiloli su nemi kuɗin fansa suka fi shigowa, kuma a 2019 an gano wata ɓaraka mai suna BlueKeep da ke ba da damar shiga tsofaffin Windows ba tare da kalmar sirri ba. Hanya mai kyau ita ce a rufe ƙofar daga waje, a bi ta cikin SSH:

`ssh -L 13389:localhost:3389 malam@203.0.113.10`

Bar wannan taga a buɗe, ka je mstsc ka rubuta localhost:13389. An zaɓi 13389 ne don wataƙila kwamfutarka na amfani da 3389 ɗinta. Windows Server daga ta 2019 na da OpenSSH Server da za a iya ƙarawa. Dabarar ɗaya ce ga rumbun bayanai: MySQL na 3306, PostgreSQL na 5432, babu wanda ya kamata ya leƙo waje. Wanda ke da ma'aikata da yawa, WireGuard, wato manhajar VPN, ya fi masa sauƙi.

An ce in taƙaita shiga ga lambar IP ɗina kaɗai. Na yi, washegari na kasa shiga.

Wannan shawara ta masu layin ofis ce mai lamba tsayayya. Layin waya, ko na MTN ne, ko Airtel, ko Glo, lambar da duniya ke ganinka da ita ta tarayya ce da mutane da yawa, kuma tana canzawa. Rubuta `curl ifconfig.me` yau, ka kashe data ka kunna, ka sake gwadawa. Mabuɗi ne kariyarka, ba lamba ba.

Tarayyar lamba na da wani cizon. In ka girka fail2ban, manhajar da ke toshe lambar mai yawan kuskuren shiga, a saitinta na asali kuskure 5 cikin minti 10 na jawo toshewar minti 10. Ajin koyon kwamfuta a Kazaure mai ɗalibai goma a kan rauta ɗaya, lamba ɗaya suke fita da ita. Biyu su yi kuskure, har malamin an toshe. Ana cirewa da `sudo fail2ban-client set sshd unbanip` sai lambar.

Na kunna katangar tsaro, ta rufe ni a waje.

Kuskuren shi ne ka riga ka yi `sudo ufw enable` kafin `sudo ufw allow OpenSSH`. Shiga allon gaggawa, ka ba da izinin daga can. Allon gaggawa kalmar sirri yake karɓa, ba mabuɗi ba, don haka asusunka ya kasance yana da ita ko da ka hana ta a SSH. Ƙa'idar aiki kuwa: duk lokacin da za ka taɓa katanga ko saitin SSH, bar taga ɗaya a buɗe, gwada da `sudo sshd -t`, sannan ka buɗe taga ta biyu ka shiga. Sai ta biyun ta yi za ka rufe ta farko. Mai canza lambar ƙofa a Ubuntu 24.04 ya ƙara da `sudo systemctl daemon-reload` da `sudo systemctl restart ssh.socket`, in ba haka ba tana nan a 22.

Yaya zan kai fayiloli ko in ɗauko?

A Windows, WinSCP: zaɓi SFTP, ƙofa 22, bayanan shigarka na SSH. Hagu kwamfutarka, dama sabar, ka ja ka ajiye. In sabis ya yanke tana ci gaba daga inda ta tsaya. FileZilla ma na yi a kowane tsari. Ta umarni kuwa `scp sakamako.zip malam@203.0.113.10:/home/malam/`, sai dai scp in ta yanke daga farko take komawa. Mai Mac ko Linux ya yi amfani da `rsync -avP`. Hotunan ɗalibai 500 a dunƙule su a zip ɗaya kafin a tura, ya fi sauri nesa ba kusa ba.

Fayil na aiki a Windows, na kai shi saba ya ƙi.

Duba abu uku. Windows na rufe kowane layi da alamomi biyu, Linux da ɗaya. In ka ga `bad interpreter` tare da ^M, wannan ne: `sudo apt install dos2unix`, sannan `dos2unix fayil.sh`. Na biyu, Linux na bambanta babban baƙi da ƙarami, Hoto.JPG da hoto.jpg fayiloli biyu ne a wajenta, shi ya sa hoton da ke fitowa a kwamfutarka ke ɓacewa a shafi. Na uku, hanyar folda a Linux da / ake rubuta ta, ba da \ ba. In kuma izinin gudu ne babu, `chmod +x fayil.sh`. Kada wani ya ruɗe ka da `chmod 777`, wannan sakin ƙofa ne ga kowa.

Haruffan ɓ, ɗ da ƙ na rikiɗewa.

In saƙo ya koma saÆ™o, rubutun lafiya yake, mai karantawa ne ya ɗauke shi da tsohon tsari maimakon UTF-8. A PuTTY duba Translation, a sabar rubuta `locale` ka tabbata akwai UTF-8. In kuwa alamar tambaya ce ta maye gurbin harafin, an riga an yi asara tun wajen ajiyewa, sai a sake ɗorawa. Jerin sunaye daga Excel a ajiye shi a CSV UTF-8, rumbun MySQL kuma a ƙirƙire shi da utf8mb4 tun farko.

Waya kaɗai gare ni.

Ta isa gyaran gaggawa. Termux na ba ka baƙin allo irin na Linux, a ciki ka rubuta `pkg install openssh`. ConnectBot da Termius ma na yi. Yi wa wayar nata mabuɗin daban, don in ta ɓace layinta kaɗai za ka goge daga authorized_keys. Cire manhajar daga tsarin tattalin batir, in ba haka ba Android za ta kashe haɗin da zarar allo ya mutu.

Zan iya shiga daga kwamfutar kafe?

In akwai yadda za ka yi, kada ka yi. Ba ka san abin da ke naɗe maɓallan da kake dannawa ba. In ta kama dole, kada ka sa mabuɗinka a kanta, kada ka yarda ta ajiye kalmar sirri, kuma ka canza kalmar da `passwd` daga wayarka da zarar ka tashi.

Agogon sabar na baya da awa ɗaya.

Yawancin sabobi a kan agogon duniya na UTC suke zuwa, Najeriya kuwa na gaba da awa ɗaya, don haka aikin da ka tsara ƙarfe 7 zai tashi ƙarfe 8 agogonmu. Gyara da `sudo timedatectl set-timezone Africa/Lagos`, ka sake tayar da cron, manhajar da ke tayar da ayyukan da aka tsara. Duba agogon kwamfutarka ma. Tsohuwar kwamfuta da ƙaramin batirinta na ciki ya mutu, wanda a yawancinsu CR2032 ne, kan koma wata tsohuwar shekara duk lokacin da aka ɗauke wuta. SSH da mabuɗi ba za ta damu ba, amma shafin kamfanin zai ƙi buɗewa da kukan takardar shaida, RDP ma na iya yin gardama. A saita kwanan wata, a canza batirin.